Baba Yakubu ya tafi, amshin Iya Gambo na jiranmu

Baba Yakubu ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsaye a baƙala, wato kantin layinmu, a unguwar Ƙurban ta Madina, da ledar burodi a hannu. Ɗansa Faisal ne ya kira. Da Larabci ya faro kamar kullum, sai muryarsa ta karye, ya ce, "Ya Ustaz, Abuya... khalas." Ban san sanda na zauna a kan katan ɗin ruwa ba.

Mu na Allah ne, can kuma muka nufa dukkanmu.

Bayan azahar muka sallace shi a Harami, muka kai shi Baƙi'a. Yanzu na shigo gida, ko kaya ban canza ba. Akwai maganar da nake so in faɗa kafin jikina ya yi sanyi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, haifaffen Madina ne, ɗan ƙasa, amma kakanninsa daga wajajen Katsina suka taso a ƙafa. Sana'arsa sauti: sifiku, makirufo, wayoyi. Ɗakunan taro, wuraren biki, ƙananan masallatan unguwa, duk ya hau tsani a cikinsu. Yaran nan suna ce masa Ammu Ya'aƙub, mu ɗaliban Najeriya muna cewa Baba.

Shekarar da na ɗauko iyalina, shi ya nemo mana shiƙƙa, gidan hayan da muke ciki. Mukayyif ɗinmu, wato AC, ya mutu ana tsakiyar zafi, matata Maryam da tsohon ciki. Ya je ya ciro na majalisarsa, ɗakin da yake karɓar baƙi, ya kawo a bayan mota, ya ɗaura da hannunsa. Na ce, "Baba, kai fa?" Ya ce, "Ni fatata ta Madina ce, ta riga ta gasu."

In ya zo gidanmu yarana suka gaishe shi da Larabci, sai ya kama kunne ya ce, "Yau ba na jin Larabci. A sake." Sai sun ce ina wuni zai fito da dabino daga aljihu.

To, ga maganar.

Wata Juma'a bayan la'asar, a gidansa na Khalidiyya, ya ce in zauna zai nuna min wani abu. Ya saka wani tsohon faifan DVD. Wani injiniya Bature da suka taɓa aiki tare ne ya bar masa, da shi yake gwada sifiku in an gama haɗawa. Baba ya ci gaba da gwaji da shi har ya haddace shi.

Screen ya buɗe da wani ƙaton zaure. Maza da mata jere sahu-sahu cikin baƙaƙen kaya. A gabansu masu goge, masu busa, masu manyan ganguna, da wani dattijo riƙe da 'yar siririyar sanda. Waƙar addu'ar mamata ce ta Kiristocin Turai, tsohuwa, da Latinanci, fassarar Larabci na bi ta ƙasa.

Gaskiya na ji wani iri. Na ce, "Baba, wannan ai ibadarsu ce."

Ya ce, "Na sani, ya waladi. Addininsu nasu ne, namu namu ne. Ba aƙida na kira ka ka koya ba. Aiki nake so ka gani. Zauna."

Na zauna.

Can ƙasa-ƙasa suka faro, muryoyin maza kamar daga cikin rijiya, suna roƙa wa matattu hutu. Mata suka shigo a kai, a hankali, ba wanda ya taka wani. Ana cikin haka dattijon ya ɗaga sanda ya sauke da ƙarfi, zauren duk ya ɗauka. Ganguna, ƙaho, muryoyi kamar gini na rushewa. Na duba fassara: ranar tsayuwa suke faɗa, ranar da za a busa ƙaho kaburbura su buɗe. Wallahi ban zaci tsoron wannan rana yana cikin ƙirjinsu haka ba.

Baba ya tsayar da bidiyon, ya mayar baya. "Ka ga nan? Dubi kafaɗunsu." Mutum kusan cike da zaure, amma numfashi ɗaya suka ja, lokaci ɗaya. "Mai kyamarar nan ya san waƙar," in ji shi. "Kafin mace ta buɗe baki ya riga ya isa fuskarta. Bai zo kallo ba, ya zo aiki."

Sai wani sashe mai laushi, na hawaye, gogen na tafiya kamar mai jan ƙafa a bayan makara. Kyamara ta tsaya a kan wata tsohuwa a sahun baya, gashinta fari fat. Idonta ya cika, amma muryarta ba ta girgiza ba, ta riƙe layinta har ƙarshe. Da suka gama, dattijon ya bar hannayensa a sama, ba wanda ya tafa, ba wanda ya yi tari. Mai ɗauka bai yanke ba. Ya bar shirun nan ya zauna.

Baba ya kashe TV ya juyo.

"Waɗannan mutane sun riƙe kukan kakanninsu shekaru aru-aru. Sun koya wa 'ya'yansu, sun ɗauka da kyau, har ya iso ɗakina a Madina. Namu fa? Ina namu?"

Ranar ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ya ce mahajjatan ƙafa, in wani ya mutu a hanya aka binne shi tsakanin Cadi da Sudan, bayan maza sun gama, mata suna da waƙoƙin da suke yi da baki kawai, na haƙuri da tuna lahira, ɗaya na bayarwa sauran na amshi. Kakarsa tana yi yana yaro. Yanzu mutum ɗaya ya sani da ta rage da su a ka: Iya Gambo, wata tsohuwa a Badr, da ke zaune wajen jikokinta masu aikin gonar dabino. Tana 'yar ƙarama ta zo a bayan jaki, a hanyar nan aka binne mahaifiyarta.

Mun je wajenta tare don mu ɗauki waƙoƙin, ba sau ɗaya ba. Da farko ta ce ita ba za a saka ta a waya ba. Baba bai matsa ba. Ya gyara mata rediyo, ya sha shayinta, muka dawo. Sai a zuwanmu na baya ta ce, "Yakubu, na yarda. Amma waƙar nan ba a yin ta mutum ɗaya. Wa zai amsa min? Jikokina in na bayar sai su ce min esh, wai me na ce?"

Nan aikin ya tsaya. Ba kyamara muka rasa ba, 'yan amshi muka rasa.

Juma'ar da ta wuce na gan shi ganin ƙarshe. Ya rame, kunnensa kuma ya daɗe da yin nauyi. Na tarar ya saka faifan nan, amma ba sauti. Na ɗauki rimot zan ƙara, ya riƙe hannuna. "Bar shi. Ina ji a fuskokinsu."

Muka kalli sashen ƙarshe haka, shiru, bakuna na buɗewa suna rufewa tare.

Ya ce, "In kun je, kar ka cusa mata kyamara a fuska. Matan su zauna kusa da ita, gwiwa da gwiwa. In ta gama kuma kar ka yi saurin kashewa."

Na ce, "Baba, ai tare za mu je."

Ya harare ni. "Kar ka ɗaure aikin nan a ƙafata, Ustaz. Iya ta girme ni nesa ba kusa ba. Ni ko ita, wani zai riga wani. Yalla, ku nemo mata."

Na ce to. A raina ina cewa sai bayan jarrabawa.

Yau a bakin Baƙi'a, mutane na watsewa, Faisal ya ja ni gefe ya ce kayan ɗaukar sauti da hoto na babansa suna nan a shirye cikin akwati, Baba ne ya yi musu caji da kansa shekaranjiya. Ya ce shi Hausarsa ba ta kai ya yi magana da Iya ba, amma zai tuƙa mota, zai riƙe makirufo.

Na san wasu za su zo comment da maganar kiɗa. Na san abin da malamai suka faɗa, a gabansu nake zaune kullum, ba fatawa na zo bayarwa ba. Abin da na gani na faɗa, da abin da ya farkar da mu. Namu kuma da za mu ɗauka baki ne zalla, ba ganga ba goge, mata ne a tsakanin mata, sai abin da Iya ta yarda a fitar.

Saboda haka ba zan ƙara cewa sai bayan wani abu ba. Ana gama zaman gaisuwa, Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu Badr.

Iyayenmu mata da yayyenmu na Ƙurban da Khalidiyya, ke da Hausa ta rage a bakinki, ko ta Kano ce, ko ta Nijar, ko ta Sudan, ko ta Cadi, ko ta cakuɗe da Larabci, muna buƙatarki. Ba sai kin iya waƙa ba. Iya za ta bayar, ke amsawa kawai za ki yi. Maryam ce ke haɗa matan, ita ta fara ba da sunanta. A yi min inbox, akwai wuri a mota, in ta cika za mu samo wata.

Ya Allah, ga bawanKa Yakubu ya zo maƙwabtan ManzonKa. Ka yafe masa, Ka yalwata masa kabari, Ka sanyaya masa kamar yadda ya sanyaya wa mutane. Ka ba matarsa Hajiya da Faisal da 'yan'uwansa haƙuri. Ka ara wa Iya Gambo kwana da lafiya har mu isa, Ka ba mu ƙarfin gama abin da ya faro.

Kai da ka karanta har nan, don Allah kar ka wuce da like kawai. Ajiye wayar, ɗaga hannu, ka ambaci sunansa. Yakubu. Ka roƙa masa rahama, mu kuma ka roƙa mana isa lafiya.