Basarken da ya koyi mayar da kifi ruwa

Shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Hamidu makwancinsa a nan birnin Greensboro, a ƙasar waje nesa da gida. Na daɗe ina son yin rubutu a kansa, amma na san mutane za su sa ran jin labarin karatunsa ko hidimarsa ga masallaci. Duk ya yi waɗannan, kuma akwai waɗanda suka fi ni sanin su. Ni abin da na sani game da shi ƙugiya ce, ƙugiyar kamun kifi.

A unguwar Glenwood muka haɗu muna ɗalibai, muka yi hayar wani tsohon gida tare. Shi Basarke ne, ɗan Sarkawa masunta daga ƙasar Yawuri, a cikin kwalekwalen mahaifinsa ya tashi. Ni kuwa Bakano ne, a kwano kawai na san kifi. Garin nan ba shi da teku, sai an shafe awanni a mota kafin a ga ruwan gishiri, amma Hamidu bai ɗauki wannan a bakin komai ba. Ranar Asabar da an idar da asuba sai ya sa ni gaba, mu nufi wata doguwar gadar katako da ta kutsa cikin teku. Har bayan da ya yi aure ya kama aiki, bai fasa ba.

Hannunsa abin kallo ne. Kifi na taɓa abin da ya maƙala wa ƙugiya, sai ya fizge sandar kamar an tsikare shi, kuma da wuya ya kuskure. Ya ce mahaifinsa ne ya koya masa, da ranƙwashi. Irin ƙugiyar da ya sani a gida yake saye, mai miƙaƙƙen baki. Turawan da ke kamun kifi a gadar har zagaye shi suke yi, ni kuma ina gefe ina hura hanci kamar ni na haife shi.

Sai dai a tekun nan akwai doka. Wasu kifayen ana auna tsawonsu: wanda bai kai ba a mayar da shi ruwa, wani ma idan ya wuce girma a mayar. Hamidu yana bin dokar yana gunaguni, domin a gidansu kifin da ya shigo hannu arziki ne daga Allah, ba a mayar da shi. Wata rana ya kamo wani ƙaramin jan kifi da ya haɗiye ƙugiya har ciki. Ya yi ta lallaɓawa ya ciro ta da jini, ya sake shi. Kifin bai nutse ba. Ya juya cikinsa sama yana yawo a ƙarƙashinmu, har tsuntsayen teku suka sauko masa. Hamidu ya dubi kifin ya ce, "Ban ci shi ba, ban bar shi ya rayu ba. In aka tambaye ni me na yi da ran nan, me zan ce?"

Ya naɗe zarensa rana tsaka muka juyo gida, kuma bai sake komawa ba har shekara ta zagayo. Da farko na ɗauka fushi ne zai wuce. Matarsa, Hajiya Rabi, ita ta kira ni ta ce in zo in ga abokina. Ranar Asabar sai ya wuni a kujera kamar wanda aka sallama daga aiki, abinci ma sai ta matsa masa. Ta ce ita ba kifin ne ya dame ta ba, ga shi nan jibge a shagunan titin Gate City Boulevard. Abin da take tsoro shi ne ruwan nan kaɗai ya rage masa na gida, tunda mahaifinsa ya rasu yana nan bai samu zuwa jana'iza ba. Idan ya bar ruwa, ba ta san me zai riƙe ba.

Wata ƙugiya ce ta fitar da shi, wadda bakinta ya lanƙwashe ya koma ciki kamar za ta rufe da'ira. Ko kifi ya haɗiye ta, idan ya juya zai tafi sai ta zamo daga cikinsa ta maƙale a gefen baki. Hamidu ba ya yarda da abin da aka rubuta a jikin ledar ƙugiyar. Kifi ya sayo daga shago ya baje a teburin kicin, yana cusa ƙugiya yana ja, Hajiya Rabi tana faɗan ƙarni. Daga nan ya kafa wa kansa ƙa'ida. Girman ƙugiya ya bi bakin kifin da ake nema, gara ma ta ɗan fi girma don ƙanana su kasa haɗiyewa. Ƙayar da ke bayan tsinin ya danne ta da filaya. Kuma yayin da kowa ke neman ƙarfen da gishiri ba ya ci, shi mai tsatsa yake zaɓa, wai idan zare ya tsinke, teku ta cinye ta a bakin kifin, kada ya yi ta yawo da ita.

Wahalar tana hannunsa. Wannan ƙugiya ba a fizgarta, naɗe zare ake yi a hankali, in ka fizga ta fito fayau. Hannun da aka horar tun yana yaro kuwa ba ya jin magana. Rani guda ɗan Sarkawa yana dawowa da kula babu komai sai ƙanƙara, ni Bakano ina kamawa, don ni ba ni da abin da zan manta. Na tsokane shi son raina, na ce zan aika Yawuri a karɓe masa sunan Basarke. Yana dariya, amma na ga abin yana cin ransa. Daga baya sai ya koma jingine sandar yana harɗe hannuwa a baya, yana kallon kanta na rawa yana cije leɓe. A haka ya koya.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Matasanmu suna zuwa teku fiye da da, da waya mai gaya musu lokacin da ruwa zai cika. Wannan zai burge shi, mutum ne mai son sabon abu. Amma da ya ga yadda ake ɗaga kifi sama ana ta ɗaukar hoto yana haki kafin a jefa shi, na san sai ya yi magana, kuma ba zai sassauta ba.

Zuwanmu na ƙarshe ciwo ya riga ya ci jikinsa, ni na tuƙa, a bakin rairayi muka tsaya. Ya kamo jan kifi ƙato wanda ya wuce girman da aka yarda a ɗauka. Da yatsu biyu ya zare ƙugiyar, ya durƙusa cikin ruwa da wandonsa, ya riƙe kifin har ya buga jela ya tafi. Na tambaye shi me Baba zai ce da ya ga ɗansa ya saki irin wannan.

Ya ce, "Zai zage ni, wallahi, Malam Sani. Amma sai ya fara duba inda ƙugiyar ta shiga, ya ga ko ɗigon jini babu. Masunci ne, zai gane aiki."

Na auna abin da ya bari, kuma wannan ya fi yi mini nauyi. Na ga mutane da yawa sun zo ƙasar nan sun watsar da abin da suka gada don su samu shiga, na ga wasu sun ƙanƙame shi ko da yana ɓarna. Hamidu ya zauna ya rarrabe abin da ke sana'ar mahaifinsa da abin da hannu ya saba da shi kawai, ya bar ɗaya don ya tsira da ɗaya. Ina kewarsa ƙwarai. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da tsohonsa, su ƙarasa gardamar a can.