Ajiyar da Na Ɗora a Shafin Laburare

Da aka jona mana intanet a laburaren da nake aiki a Potiskum, ogana ya ce daga ranar ni ne mai kula da shafinmu na sada zumunta, don na fi kowa latse-latsen waya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Nakan ɗora hoton sabon littafi, mutum uku su danna alamar so, biyu daga ciki ƙannena ne. Abin yana cin raina.

Ana haka wani dattijo ya zo, tsohon malamin firamare da ke zaune a Yerimaram. Ya sauko daga napep riƙe da leda. A ciki akwai littafin rubutu mai kauri, waƙoƙin niƙa ne da ya ji a bakin mahaifiyarsa da tsofaffin ƙauyensu ta wajen Nangere. Ya rubuta su da harshen Ngizim, ya jera fassarar Hausa a gefe.

"Ɗana, ajiya na kawo," in ji shi. "Gara ta shiga ɗakina. A adana, kada ya ɓace."

Na ce, "Baba, ai yanzu an wuce zamanin kabad. Zan sa shi a intanet, ko gobara ba za ta ci shi ba."

Ya ce to, Allah ya yi albarka. Shi a tunaninsa intanet wani akwati ne mai makulli. Ni kuwa na ɗauki wannan "to" a matsayin izini. Kowa a garinmu ya san ajiya: ba ka buɗewa, ba ka nunawa, sai mai ita ya dawo. Na sani sarai, zumuɗi ne ya rufe min ido.

Na riƙa ɗaukar hoton shafi ɗaya kullum ina ɗorawa. Mutane suka yi caa. Wasu na cewa sun tuna kakarsu, wasu na neman ƙari, ogana yana ta washe baki. Kaina ya kumbura har na daina karanta fassarar kafin in ɗora.

Ashe ɗaya daga cikin waƙoƙin ta zambo ce. Ta kama sunan wani mutum da na ƙauyensu, tana cewa a shekarar yunwa ya cinye irin shuka, ya bar matarsa tana bin gidaje roƙon iri. Ga manomi babu abin kunya kamar wannan. Jikan mutumin kuwa maƙwabcin Baba ne, amininsa, wanda suka tsufa suna cin tuwo tare a ƙofar gida. Samari suka gane gidan. Wani ya rera waƙar ya naɗa a waya, ta shiga yawo daga guruf zuwa guruf na hira a waya. Har a kasuwa aka fara tsokanar 'ya'yan gidan da ita.

Baba ya dawo ranar wata Laraba da hantsi. Bai zauna ba. Na goge komai daga shafin a gabansa, na miƙa masa littafin.

Ya ce, "Na cikin wayoyin mutane fa, yaushe za ka karɓo min?"

Na ce, "Baba, wannan ba ya karɓuwa."

Sai ya ce sati biyu ke nan amininsa bai fito da akushinsa ba, ko a masallaci sai ya sauya sahu. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Washegari na nemi gidan maƙwabcin. Na tarar da shi yana gyaran fartanya a zaure. Na durƙusa na ce laifina ne ni kaɗai, Baba bai san ma abin da ake kira shafi ba. Ya saurare ni har na gama, bai ɗaga murya ba.

"Tashi, Malam, na yafe maka," in ji shi. "Kai hoto ka ɗauka. Shi kuwa da hannunsa ya zauna ya rubuta sunan kakana, ya fassara don kowa ya gane, sannan ya wanke hannun ya zo muka ci tuwo."