Kiran Waya Daga Ɗaki Zuwa Tsakar Gida

Yayata ce ƴar fari a gidanmu na Zaitawa, saboda haka Umma ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta kuma yi mata magana kai tsaye. Ko tabarma ɗaya suke zaune, ni za ta kalla ta ce, "Gaya wa waccan tuwonta na hucewa." Ni kuma in juya in gaya wa waccan, wadda ta riga ta ji.

Yaya tana da shekara sha bakwai ta faɗi jarrabawar shiga jami'a karo na biyu. Ta daina cin abinci, ta daina kitso. Ni lokacin ina da sha biyar, na karance littattafan soyayyar da ake bayarwa haya a unguwa, don haka nan take na gano ciwon: so ne. Sati biyu ina leƙa zaure ko zan ga farar mota. Sai ranar da muke wanki ta ce da ni, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta gaji da rayuwa, da ma a wayi gari babu ita. A littafi idan jaruma ta faɗi haka ruwan sama ne ke kecewa. Mu rana ce kawai da kumfar sabulu. Na gaya wa Gwaggo, ƙanwar Baba, ta kai ta asibiti, na bi su.

Bayan ganin likita, wata nas ta saka wa Yaya manhaja a tsohuwar wayar da Baba ya bar mata. Tambayoyi ne a ciki, mutum ya amsa tun yana cikin natsuwa, don ranar da tunanin ya dawo ya san abin yi. Yaya ta miƙo min wayar, wai ta gaji.

Wurin da hankalinki ke kwanciya? Na rubuta bakin teku. Dalilin da zai sa ki rayu? Na rubuta matashin likita mai saje.

Nas ta leƙo. "Ƴammata, wane tekun? Rafin Jakara? Likitanmu kuma jikokinsa tara, ga sanƙo."

Yaya ta yi wata ƴar dariya ta hanci, ta ƙwace wayar, ta goge tekuna da likitana. Ta rubuta saman soro wajen tantabarun Baba. Ta rubuta awara da yaji. Saura wani jan maɓalli: wa za a fara kira idan abin ya yi tsanani?

"Umma," in ji Yaya.

"Uwar taki? Kina ƴar fari?" in ji Gwaggo. "Sa ni mana, ke ma kin san halinta."

"Umma."

Aka sa Gwaggo ta biyu, asibiti na uku.

Wata Laraba bayan la'asar ina taya Umma gyaran zogale a tsakar gida, ƙaramar wayarta ta yi ƙara. Yaya ce, daga ɗakin da bai fi taku huɗu da mu ba. Umma ta turo min wayar da bayan hannu.

"Ji me take so."

"Umma, jan maɓallin ne. Ke ta saka."

Wayar na ta kuka, ba wanda ya taɓa ta. Ni na riga na tsara yadda za a yi: Umma ta banke labule, su rungume juna, hawaye na sintiri a kumatu. Umma kuwa sai ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta juya kujerarta ta fuskanci bango, ta ɗauka.

"Salamu alaikum. Wa ke magana?"

"Ni ce."

Sau biyu na ji amsar, ta taga da ta waya.

"To, baiwar Allah, ina jin ki."

Yaya ta fara magana tana kuka. Ta ce ta ba su kunya, ta zama kaya a gidan. Umma ta gaya wa bango cewa ita dai tana da wata ƴa, ba za ta faɗi wacce ba, wadda ta haifa ranar wata Juma'a, ta kwana uku tana satar kallonta idan mutane suka fita. Ta ce jami'a ba ta haifa mata kowa ba. Ta ce tun ranar asibiti take ajiye wayar nan a gefen sallaya.

Can sai na ga fuskar wayar ta yi baƙi, caji ya ƙare. Na buɗe baki, Umma ta harare ni. Ta ci gaba da riƙe matacciyar waya a kunne, Yaya na amsawa ta taga, har zogalen ya yi yaushi a faranti.

"Yanzu ki fito ki zauna kusa da ni," in ji Umma. "Gobe da ni za a koma asibitin."

Labule ya motsa. Yaya ta fito, ido jajur, waya a kunne, ta zauna har kafaɗarta na taɓa ta Umma. Umma ta sauke tata wayar, ta kalle ni.

"Ke kuma kin saki baki. Tambayi waccan ko za ta ci awara."