Baƙar Ƙwallon da Ba Ta Shiga Ba

Jiya ina kwashe kayan marigayi Kawu a unguwar Gorton, don council, hukumar da ta ba shi hayar flat ɗin, na jiran makullin gidan, sai ga tsohon kaset ɗinsa na snooker, wasan zura ƙwallaye a ramukan tebur da sanda, wata gasa ta gwanayen da aka gayyata Birmingham tun ba a haife ni ba. Tun da aka rufe wurin haɗuwar tsofaffin unguwa, shi yake ta kallo, ɗakin na ƙamshin shayi mai citta. Ya san gwaninsa zai kuskure baƙar ƙwallon ƙarshe, amma sai ya ɗaga hannu: "Yi shiru, 'yata, kar ki raba masa hankali."

Na saka kaset ɗin. Ko tari ban yi ba, Kawu, amma gwaninka ya sake kuskurewa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sa kai ka dace.