Yatsu Huɗu a Bakin Zaure

Tun da muka tare a Kano abu ɗaya ne ya hana ni sukuni: kada Hanifa ta fita ta kasa gane gida. Shekararta uku, ƙafarta ba ta zama wuri ɗaya, da an bar ƙofa a buɗe ta yi waje. Unguwar da muke haya sabuwa ce a bayan gari, gidajen duk bulo ne ba fenti, ƙofofin duk baƙin ƙarfe. Ni kaina da nake babba, farkon zuwanmu na dawo daga niƙa na tura ƙofar maƙwabta har na yi sallama a tsakar gidansu. Baban Hanifa dariya yake yi mini, wai in ɗaura mata igiya a ƙafa kamar 'yar akuya. Nakan yi dariyar ni ma, amma ko tuwo nake tuƙawa kunnena yana bakin ƙofa.

Ba a Kano na samo wannan tsoron ba. Daga Riruwai na taho da shi, daga bakin murhun kakata.

Iya muke ce mata. Ita ta haifi Ummata, kuma a hannunta na tashi har na gama firamare. Wanda ya san Riruwai ya san sanyinta, duwatsu ne suka zagaye mu, ga tsofaffin ramukan kuza da ruwa ya cika. Lokacin da aka cire masara, da an idar da sallar isha'i, Iya ba ta bari wutar girki ta mutu. Sai ta ƙara totuwa biyu uku, ta tura dankali cikin toka, mu jikoki da yaran maƙwabta mu zagaye ta muna miƙa tafukan hannu. Ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke farawa. Tsinke take ɗauka ta ƙwanƙwasa dutsen murhu ta ce, “Wa zai buɗe mini?” Mu haɗa baki mu ce ƙofa a buɗe take. In ta gama kuma sai ta ce ta ja ƙofa, kowa ya nemi tabarmarsa.

Tana ba da labari tana zane a toka da tsinken nan. In kura ta yi gudu sai ki ga layi ya miƙe, in an faɗa rijiya ta yi zobe ta caka tsakiyarsa. Ni ce mai maƙale mata a gefe, shi ya sa ta sa mini suna Uwar Tsoro. In na ce mata tsohuwa mai haƙori ɗaya, ta ce haƙorin nan ɗaya ya ishe ta cinye dankalina, kuma sai ta ɗauke shi da gaske.

Akwai tatsuniya ɗaya da ba ta yin ta sai sau ɗaya a shekara, bayan an yi sabon yaɓe. Gidanmu na ƙasa ne, duk ƙarshen damina sai an sake shafe bango. In masu yaɓe suka zo bakin zaure, Iya takan fito ta ce su bar mata gefen dama da ɗanye. Sai ta naɗe hannun riga, ta kafa yatsu huɗu a sama, ta jawo su ƙasa suna lanƙwasa kamar rafi, a ƙarshe ta juya su su yi zobe, ta danna babban yatsa a tsakiya. Ba dagi ba ne, ba fure ba ne, bai yi kama da komai ba. Gefen hagu kuwa sumul ake barinsa. Na taɓa tambayarta me ya sa ba ta yi wa ɗaya gefen, ta ce hannunta ya gaji, in ina da ƙarfi in je in ɗebo ruwa.

Daren ranar ne take yin tatsuniyar.

Wai a wani gari ruwa ya ɗauke, rijiyoyi suka ƙafe. Akwai wata mata mai ɗa guda, ɗan farinta. Yaron ya ce zai tafi ya nemo inda ruwan sama yake kwana. Ya tarar da uwar tana yaɓe, ya ce mata tafiyar da nisa, gari kuma yana girma, in ya dawo yaya zai gane gida? Ba ta ɗaga kai ta dube shi ba, sai ta ja yatsunta a ɗanyen bango. A nan Iya take zana shi a toka muna gani. Layukan su ne hanya, ta tafi ta karkace ta dawo. Zoben shi ne gida. Ɗigon tsakiya kuwa uwar ce a zaune.

Yaro ya tafi. Ya haye dutse ya gangara fadama har ya isa gidan wata tsohuwa mai kiwon gajimare. Ta ce za ta ba shi ruwa, amma sai ya yi mata kiwo. Ya yi ta kora gajimare safe da yamma har gemu ya fito masa, har gemun ya fara fari. Sannan ta cika masa gora ta ce kada ya buɗe sai a tsakar gidan uwarsa.

A gida kuwa mai gari ya yi shirin karɓar babban baƙo, ya sa aka yi shela cewa kowane bango a shafe shi sumul, kada baƙo ya ce garin ƙazamai ne. Aka shafe zanen matar. Ta sake yi, aka sake shafewa. Ana cikin haka ciwo ya kwantar da ita, hannu ya ƙi ɗaguwa. A ranar ne mai gora ya shigo gari. Ya bi wannan lungu ya fita ta wancan, kowane zaure kamar ɗan'uwansa. Yana tafe yana waƙa a hankali, Iya kuma takan rage murya ta rera:

Bango, bango, wa ya shafe ka?
Ga ruwa na kawo, ban ga ƙofa ba.

Matar tana kwance ta ji waƙar ta bayan katanga, ta gane takunsa. Ta buɗe baki, ta rufe. Takun ya yi nisa. Ya fita ta ƙofar yamma, gorar ta suɓuce ta fashe a daji, ruwa ya sauka inda ba kowa.

Shi ke nan tatsuniyar. Yara sukan yi ta gunaguni, su ce wannan ba daɗi, a yi ta kura. Ni kuwa wata shekara kuka na fashe da shi, na ce to me ya hana ta kira shi, ai suna ɗaya za ta ambata ya juyo.

Iya ta tona dankali ta hure tokar, ta daɗe tana jujjuya shi a hannu.

“Ke Uwar Tsoro, a ina kika taɓa jin uwa ta kama sunan ɗan fari?” in ji ta. “Sai ka ce marar kunya. Ungo, ci, kin cika ni da majina.”

Sai daga baya na lura da wani abu: ita kaɗai ce tatsuniyar da in ta ƙare Iya ba ta cewa ta ja ƙofa. Tashi kawai take yi ta shige ɗaki.

Ina budurwa Iya ta rasu. A zaman makoki ne Umma, da ta zo daga Tudun Wada inda take aure, ta zauna a bakin zauren nan tana shafa zanen, ta ba ni labarin da ba wanda ya taɓa ba ni. Na san dai akwai wani da Iya takan ce wa “yaron nan”, na ɗauka wani ne da ya mutu. Ashe yayan Umma ne, Kawu Sale, ɗan farin Iya. Da aikin kuza ya ja baya, samari suka watse neman abin yi, shi ma ya ce zai je birni ya koyi zanen jikin manyan motoci, don tun yana yaro ba ya ganin gawayi ya ƙyale. Ana gobe zai tafi aka yi yaɓe. Iya ta ja yatsunta a dama, shi ya ja nasa a hagu, suna yi ba mai kallon wani. An samu saƙonsa a farko, daga baya shiru. Damina ta wanke nasa gefen, ita kuwa ta ci gaba da sabunta nata, ta bar masa nasa.

Umma ta ce ko sau ɗaya ba ta ga Iya ta yi kukansa ba, ko ta tambayi matafiyi labarinsa. In mata suka yi mata jaje sai ta ce ai namiji ne, ta kawo wata maganar. Mutane har yabonta suke yi, wai mace mai kawaici. Mu kuwa da take faɗa wa duk shekara, a bakin wuta, da bakinta, sai mu ce a yi ta kura.

Ba a daɗe ba ƙanin Umma ya samu hali ya shafe gidan da siminti. Kowa ya yi masa barka. Gidan ya yi kyau kam, ya zama kamar na kowa.

Bara, ina dawowa daga asibiti da Hanifa tana zazzaɓi, Adaidaita Sahun da muke ciki ya tsaya cikin cunkoso kusa da wata tashar mota. Akwai doguwar katanga a wurin da samari suka cika da fentin fesawa. Ja, shuɗi, ruwan ɗorawa, duk sun hau juna. Wasu kamar haruffa ne amma an murɗe su an ƙulle, na gwada haɗawa na kasa. Wata mata da ke gefena ta ja tsaki ta ce aikin 'yan shaye-shaye ne. Ina shirin kawar da kai sai idona ya sauka can ƙarshen katangar.

Layi huɗu ne farare, sun taho daga sama suna lanƙwasa, sun juya sun yi zobe. A tsakiyar zoben akwai jan ɗigo, kuma shi ba fesa shi aka yi ba. Yatsa aka tsoma a fenti aka danna, har ya ɗan zubo.

Hanifa tana kan cinyata, jikinta kamar garwashi, mai Adaidaita ya samu hanya ya ja. Na yi ta waiwaye har wata babbar mota ta tare.

Da na faɗa wa Baban Hanifa ya ce kowa ma zai iya zana zobe da ɗigo, in bar sa wa kaina damuwa. Ban musa masa ba, don ni ma akwai abin da ya tsaya mini: na Iya dama yake karkata, wannan kuwa hagu ya yi. Na kira Umma a waya na kwatanta mata. Da na gama sai ta jefo mini tambaya.

“Layi nawa kika ce?”

Na ce huɗu.

“Ina ya karkata?”

Na ce hagu, shi ya sa nake ganin ba shi ba ne.

“Bahago ne,” in ji Umma. “Yaya Sale bahago ne.”

Kafin Hanifa ta warware, kafin babanta ya samu ranar da ba ya fita aiki ya raka ni, an shafe katangar da farin fenti an liƙa fastoci. Na bi ta da tafin hannu ko zan ji tudun ɗigon, ban ji komai ba. Wani mai shayi a wurin ya ce masu zanen yara ne, da gwangwanayensu suke zuwa su tafi, bai san sunan ko ɗaya ba. Na tambaye shi ko akwai dattijo a cikinsu. Ya yi dariya ya ce, “Hajiya, wane dattijo ne zai tsaya ɓata bango?” Ya ce amma ba nan kaɗai suke yi ba, duk inda suka samu katanga yi suke.

Ban sani ba ko Kawu ne da kansa, ko ɗansa, ko wani yaro da ya koya a hannunsa. Ban ma sani ba ko yana raye. Abin da na sani, wani ya tsaya a bakin titi cikin hayaƙin motoci ya zana gefen da Iya ta bari sumul. Da ina yarinya na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne kada yaro ya yi nisa da gida. Yanzu da nake da tawa 'yar fari, in na tuna matar nan da ta buɗe baki ta rufe, ba yaron nake tausayi ba. Ni ma an yi mini faɗa, surukata ta ce ina kiran sunan Hanifa gatsal kamar ba ni na haife ta ba. Nakan sunkuyar da kai in ba ta haƙuri. Amma da yarinyar ta leƙa waje sunanta nake kira, da ƙarfi, har maƙwabta su ji. Na kuma samu gawayi na yi mata zanen a gefen ƙofarmu, daidai tsayinta. In ruwa ya wanke in sake.

Da ƙaramar salla muka je Riruwai ni da Umma. Idonta ya fara hazo, sai da na riƙe mata hannu a kan dutse. Muka jiƙa farar ƙasa a kwano, ta tsoma yatsu huɗu ta ja a kan simintin, gefen dama. Layin bai yi kyan na Iya ba. Gefen hagu ba mu taɓa shi ba.

Don haka ga roƙona. Ku da kuke yawo cikin birni, in kun wuce katangar da aka yi wa irin wannan fenti, don Allah ku ɗan duba kafin ku kawar da kai. Layi huɗu, zobe, da ɗigon yatsa a tsakiya. In kun san mai yin sa, ku ce masa Iya ta rasu, amma ba shekarar da ta tsallake ba ta yi nata gefen ba. Ku ce ƙanwar Sale tana nan da rai, ganinta ne yake raguwa. Ku ce an sake zana ƙofar, ya zo ya yi nasa gefen tun tana iya gani.