Baba Kolo da Ɗakin Baƙin Kifi

Kullum da an sallame asuba, Baba Kolo zai naɗe ƙafar wandonsa ya hau tsohon kekensa daga Kara-Kara. Kafin masu shara su iso asibitin yaran nan, shi ya riga ya tsaya gaban akwatin gilashin da ke zauren jira, hannu a baya, yana kallon kifi. Ba ya ba su abinci sai ya ƙirga su, ya ga wa ke iyo, wa ya maƙale bayan dutse. Daga nan ya auna gishirin ruwan, ya goge gilashin da yara suka cika da shatin yatsu.

Ɗan masunta ne, iyayensa daga Barno suka zo. Shekara ashirin da wani abu ya yi yana yawo tsakanin masu kiwon kifi na Droum, kuma shi ya koya musu cewa in fararen ɗigo suka fito wa tarwada ko karfasa, a yi musu wankan ruwan gishiri. Har yau can ba a ce maganin ɗigo, sai a ce maganin Kolo. Da ƙarfi ya fara raguwa ne Likita Hafsatu, mai asibitin, ta ɗauko shi ya kula mata da kifayen teku.

Kada wani ya ce ai ado ne kawai. Yaran da ke zuwa nan yawancinsu masu ciwon sikila ne, allura ta zama musu abokiyar zama. Kifaye goma sha ɗayan da ke akwatin kowanne yara sun raɗa masa suna. Balki, wata uwa daga Garagumsa, ta ce mini ƴarta ba ta miƙa hannu a sa mata ruwa sai an juya kujerarta ta fuskanci wata rawayar kifanya da suke kira Hajiya.

Bara asibitin ya cika shekara goma. Likita ta sa aka kawo sabbin kifi shida daga Kwatano, masu launi kamar atamfar biki, don baƙi su gani ranar Asabar. Baba Kolo ya karɓi ledojin, ya wuce babban akwatin ko waiwaye bai yi ba, ya kai su wani ƙaramin akwati a ɗakin ajiya. Ɗakin baƙi yake ce masa. Bokitinsa daban, ƴar ragarsa daban.

Kwana uku, sai ya ga ɗaya yana goga jiki da dutse. Ya haska tocila, ya ga ɗigo fari a fiffike kamar ƙwayar gishiri. Bai yi gaggawa ba, don yashi da kumfar iska ma kan manne haka. Ya jira har la'asar. Ɗigon bai faɗi ba, ya zama bakwai, kifi na biyu kuma ya fara numfashi sama-sama.

Likita ta zo ta leƙa, ta ce, "To Baba, ai biyu ne. Zuba huɗun nan masu lafiya."

Ya ce, "Likita, ruwa ɗaya suka kwana. Abin nan yakan saki kifi ya faɗi ƙasa ya hayayyafa, ki ce ya warke, bayan mako ya dawo da dangi. In ya shiga babban akwati, Hajiya ma ba ta tsira."

"Na gayyaci mutane. Akwatin nan nawa ne ko naka?"

Ya ciro makullin ɗakin ya ajiye mata kan tebur. "Naki ne. Amma ba da hannuna ba."

Ta dubi makullin, ta dube shi, ta fita a fusace ba ta ɗauka ba. Tsohon ya san yana iya rasa aikinsa a kan wannan magana, ya faɗe ta duk da haka.

Washegari ga Sama'ila gardi, mai gadin asibitin, mutumin Droum, dattijo mai son taimako. Ya ji ana cewa ɗigo, sai ya daka gishirin Bilma ya ciko kwano, ya shiga ɗakin ya ɗaga hannu zai zuba. Allah ya kawo Baba Kolo ya cafke wuyan hannunsa.

Sama'ila ya ce, "Haba Baba! Ba kai ka koya mana ba?"

"Ni ne. Don tarwada na koya muku. Waɗannan cikin gishiri aka haife su, cutar ma haka. Rage gishirin za mu yi."

Haka ya yi. Kwana biyu yana ɗibar ruwan yana mayar da marar gishiri kaɗan-kaɗan, yana aunawa, har ya kai inda kifi zai jure amma cutar ba za ta jure ba. Biki ya zo ya wuce, baƙi suka kalli tsofaffin kifi. Mako biyu Likita tana amsa gaisuwarsa da ka kawai. Kifi ɗaya ya mutu, kuma na ga yadda abin ya taɓa Baba Kolo. Biyar suka tashi. Sai da ya ƙirga kwana talatin, ya mayar da gishirin sannu a hankali, sannan ya sake su cikin manya.

Ana cikin haka labari ya zo cewa wani attajiri da ya sayi kifi a kaya ɗaya da Likita ya juye nasa kai tsaye cikin akwatinsa, bai tsira da ko ɗaya ba. Ran nan Likita ta sami Baba Kolo yana goge gilashi. Ta daɗe tana kallon Hajiya, sannan ta ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Miƙo mini tsumman can."

Baba Kolo, kai ne ka tsaya wa masu rai da ba su da bakin gode maka. Kai ne ka koyar da magani, ka kuma san inda maganin naka ya tsaya, abin da ya gagari masu manyan takardu. Ɗan Barno, mai ido kan ruwa, muna alfahari da kai, kuma ba mu jin nauyin faɗa.

Watan nan ya ajiye aiki, gwiwa ta ƙi keke. Ranar sallamarsa aka kawo sabbin kifi biyu. Kowa ya zuba ido. Likita Hafsatu ta ɗauki ledar da hannunta, ta wuce babban akwatin, ta nufi ɗakin baƙi. Baba Kolo ya ɗaga murya daga kujerarsa, "Kwana talatin, Likita!" Ta ce, "Da biyar, Baba."

Mun gode, Baba Kolo. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya sa ka huta cikin jikoki. Mu kuma da muka rage, duk wanda aka ba amanar wani abu mai rai, ya koyi tsayawa irin taka ko da ranar biki ce. Jiya ma ƴar Balki ta zo ƙarin ruwa, aka juya mata kujera, ta miƙa hannu. Hajiya tana nan.