Allon da ke Cikin Waya

Shekarar da na faɗi jarrabawar shiga makarantar koyon aikin lafiya, yayana ya ɗauke ni zuwa rumfarsa ta hatsi a kasuwar Babura. Ya ce zai bar ni in sake rubuta ta sau ɗaya. In na kuma faɗuwa, mudu ya zama sana'ata. Na amince, don na san ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba.

Littattafaina sun tsufa, sai na koma karatu a waya. Duk abin da nake nema yana ciki, har ya yi yawa. Sai in buɗe shafi a kan zagayawar jini, in ga kalma mai launin shuɗi, in taɓa, ta kai ni wani shafi. Can ma akwai wasu. Wata safiya na fara da zuciya, azahar ta same ni ina kallon bidiyon yadda raƙumi ke jure ƙishirwa.

"Malam mai latse-latse," in ji Yaya, yana ɗinke bakin buhu, "yau me aka koya?"

Na soma da zuciya, na ɓulle kan raƙumi, duk a guntule.

"To tashi ka auna wa mutanen Nijar gero. Wannan dai ka iya."

Ina awon ne na tuna makarantar allon unguwarmu. Malam ba ya barin ka wanke allo sai ka juya shi, ka kawo abin da ke kai da ka. Sannan a yi maka ƙari. Ita kuwa waya ƙari take yi maka ko ba ka riƙe komai ba.

Washegari na kafa wa kaina doka. Tambaya ɗaya zan fito da ita daga gida. Shafin da na buɗe shi ne allona. Ba na barinsa sai na kife wayar a kan buhu na yi wa Yaya bayaninsa da Hausa. Kalma mai shuɗi kuwa, sai in rashinta ya hana ni fahimta nake taɓa ta, in duba in dawo.

Yaya bai yi boko ba, kuma ba ya jin kunyar tambaya.

"Tsaya, likita. Jinin da ya tafi huhu, ta ina yake dawowa?"

"Ta... wata jijiya."

"Wata? Haka za ka ce wa mara lafiya? Koma allonka."

Na koma. Akwai ranakun da na karya dokar, musamman in kasuwa ta yi sanyi, amma a kan buhun nan nake gane hakan, tun kafin la'asar. Sannu a hankali na fara sanin inda nake da rauni kafin ya tambaya.

A zauren jarrabawa, a Kazaure, tambayoyin ba su zo mini baƙi ba. Mafi yawansu na riga na amsa su da baki, a tsakanin buhunan dawa.

Ranar da sakamako ya fito, ina tsakiyar awo na miƙa wa Yaya wayar. Ya jujjuya ta, ya ce in karanta masa. Na karanta.

"Ajiye mudun nan," ya ce. "Amma ba ka gama mini bayanin ƙoda ba. Zauna."